Tirela a Ajin Ƙananan Yara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon Mai Walda, ko da tambayar hanya ce ta kawo shi, sai ya sha labarin ɗansa kafin ya wuce. Ba za a ga laifin mutumin ba. Shi ɗan siriri ne, gajere, in ya sa tabarau ɗin walda da ƙyar ake ganin sauran fuskarsa, amma Allah da ikonsa sai ya ba shi ɗa wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗaki. Tun yaron yana firamare 'yan layin suka laƙaba masa Tirela, sunan kuwa ya bi shi, har uwarsa ta gaji da hanawa ta koma kiransa da shi.

Shagon rumfar kwano ce a bakin titi, jikin garejin wani bakanike. Gabansa ƙofofi da tagogi ne jingine da bango suna jiran fenti, ƙasa kuwa duk guntayen rodi da ƙurar ƙarfe. A nan Tirela ya tashi. Da ya gama sakandare sai ya tare a shagon gaba ɗaya, ba wanda ya tambaye shi ko yana so, don kowa na ganin tambayar ma ɓata baki ce. Mai irin wannan ƙirji, ina za shi in ba wajen ƙarfe ba? Ƙofar da ƙarti huɗu suke nishi kafin su ɗora ta a mota, shi kaɗai yake rungumarta ya aza, ya kuma juyo ya tambaya ko da saura. Duk ranar da aka yi haka sai Mai Walda ya kashe inji, ya ɗage tabarau, ya leƙa garejin maƙwabcinsa.

"Bakanike, ka gani ko? To nawa ne. Ni na haife shi."

"Na gani," in ji Bakanike daga ƙarƙashin mota. "Yadda aka yi ka haife shi ne ban gane ba. Anya ba musanya aka yi muku a asibiti ba?"

Haka suke tun suna samari, kullum sai sun tsokani juna, in ɗaya bai fito ba ɗayan ya wuni ba walwala.

Mai Walda ya fara manyanta. Idanunsa suna ruwa saboda tartsatsin shekara da shekaru, bayansa kuma ya fara yi masa gardama in ya daɗe a sunkuye. Burinsa guda ne, kuma duk layin sun haddace shi: ya miƙa wa Tirela makullin shago, ya sa a ƙara "da Ɗansa" a jikin allon, shi kuma ya sami benci a inuwa yana ba da umarni. Har launin fentin da za a yi rubutun da shi ya zaɓa.

Ana nan sai shugabar wata makarantar ƙananan yara da ke bayan layin ta kawo aiki. Dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ba ta da yawan magana. Lilo take so da abin zamiya. Uba da ɗa suka haɗa kayan a shago, Tirela ya ɗauka ya tafi kafawa. Aikin da ya kamata a ce an gama shi kafin fenti ya bushe sai ya ƙi ƙarewa. Kullum da safe Tirela zai ɗauki magagari ya ce akwai sauran kaifi a bakin ƙarfen, kada ya yanki wani yaro. Washegari ya ce noti ne bai ɗauru ba. Mai Walda har yabonsa yake yi, yana gaya wa mutane cewa yaron ya gado shi wajen tsantseni.

Bakanike ne ya fasa ƙwan. Yana da jika a makarantar, wata 'yar firit mai surutu kamar rediyo. Wata safiya ya fito yana goge hannu da tsumma, bakinsa har kunne.

"Barka da asuba, Baban Anti."

Mai Walda ya waiga bayansa ya ga ba kowa. "Da wa kake?"

"Da kai mana. Ai yaran can ba su taɓa ganin malami namiji ba, duk wanda ya share musu hanci Anti ne. Jikata ta hana mu sakat a gida. Anti Tirela ya ɗaure mata igiyar takalmi, Anti Tirela ya koya musu waƙar ƙirge, Anti Tirela ya iya kukan saniya. An ce in ya yi kukan har tagogi suke girgiza."

Yaran gareji suka fashe da dariya. Mai Walda ma ya yi tasa dariyar ta yaƙe, ya ja tabarau ya rufe fuska, ya kunna inji. Ranar ƙofar da ya yi wa walda ta sha wuta fiye da ƙima.

Da yamma Tirela ya dawo da magagarinsa a hannu, ga wani tauraro na jar takarda manne a ƙirjin rigarsa, bai ma san da shi ba. Uban ya nuna tauraron da baki.

"Wannan lambar girma ce aka ba ka, ko kuwa albashin Anti ne?"

Tirela ya dubi ƙirjinsa, ya cire takardar a hankali, ya sa a aljihu maimakon ya yar. Sannan ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna. Duk girman jikin nan nasa, muryarsa ƙasa-ƙasa take, sai ka matso kake jinsa.

"Baba, da ma ina ta neman hanyar da zan yi maka maganar. Lilon na gama shi tuntuni. Shugabar makarantar ce ta ce tana neman mataimaki a ajin 'yan ƙanana. Ta ce in ina so in riƙa zuwa da safe, sannan in shiga kwalejin horar da malamai, in na gama in riƙe ajin da kaina. Kuma ina so, Baba."

"Reno," in ji Mai Walda. "Da wannan jikin. Allah ya ba ka ƙarfin mutum huɗu, ka rasa abin da za ka yi da shi sai share majina?"

"Ƙarfin nan ban roƙe shi ba, Baba, zuwa ya yi. Aikin nan kuma na iya shi, kai ka koya mini, ba na jin kunyarsa a gaban kowa. Amma wallahi in na gama ƙofa ba na jin komai a raina, yunwa kawai nake ji. Na daɗe ina zaton kowa haka yake ji da aikinsa, sai na riƙa kallonka. Kai in ka gama ƙofa sai ka ja da baya ka tsaya kana kallonta, kana murmushi kai kaɗai. Ni ban taɓa yin haka ba."

Mai Walda ya san gaskiya ne.

"A can akwai wata yarinya da ba ta magana da kowa tun da aka kawo ta," Tirela ya ci gaba. "Kullum tana rakuɓe a jikin bango. Sai na riƙa kai aikina kusa da ita, ina goge ƙarfe, ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ba. Muka daɗe a haka. Ran nan noti ya faɗo mini, sai ta tsince shi ta miƙo, ta ce, 'Ungo.' Malamarsu har da hawaye. Baba, ranar kasa cin abinci na yi don murna. Shi ne na zauna na tambayi kaina, wai ni me na fi iyawa? Sai na ga ba ɗaukar kaya ba ne. Jira na iya. Yaro zai yi mini tambaya ɗaya sau goma, raina bai ɓaci ba. Kai kanka kana faɗa mini na cika sanyi. To a can sanyin nan shi ne kayan aiki."

"To ka yi aure ka haifi naka mana, ka yi ta jiransu."

Tirela ya yi ɗan murmushi, sannan ya sunkuyar da kai. "Ka tuna ranar da aka fara kai ni makaranta? Duk yaran kuka suke yi, ana ɗaukarsu ana lallashi. Ni da na fara nawa sai aka ce, 'Ƙato da kai kana kuka?' A gida haka, a makaranta haka. Malamai suna zaton wani tsohon daƙiƙi ne aka maimaita wa aji. Shekarata biyar fa, Baba, daidai da su nake. Tun daga nan na ƙi jinin makaranta. Ni dai ina so in zama mutumin da yaro zai fara tararwa a bakin aji, ya ji ba a yi masa gaggawar girma ba."

Mai Walda ya san bakinsa ne ya fi na kowa faɗin wannan magana a gida, kuma abin ya soke shi. Amma shi mutum ne da in abu ya soke shi sai ya ƙara ɗaure fuska. Ya miƙe yana naɗe wayar inji.

"Je ka. Ban hana ka ba, ban kuma sa ka ba. Ranar da majina ta ishe ka, shago yana nan."

"Albarkarka nake so, Baba. Zan riƙa zuwa makarantar tunda ba ka hana ba, amma ba zan sa ƙafa a kwalejin ba sai ka sa mini albarka."

"Albarka tana nan cikin shago. In ka dawo ka same ta."

Haka aka shiga wani zama mara daɗi. Tirela yakan tafi makaranta da safe, da rana ya dawo shago ya ɗaga abin da ke buƙatar ɗagawa, ba ya fashi, ba ya gunaguni. Har yanzu shi kaɗai yake aza ƙofa a mota, sai dai Mai Walda ya daina kashe inji don ya kira kowa ya gani. Bakanike ya ja "Baban Anti" na ɗan lokaci, da ya ga abin ba ya karɓar wasa sai ya bari. Wannan shirun ma ya fi tsokanar ciwo.

A gida uwar Tirela ce take ɗan taɓa maganar, ita ma a kaikaice, tana ninke kaya ba ta kallonsa.

"Malam, ka lura yaron nan yanzu waƙa yake yi in yana wanka?"

"Na ji. Na ɗauka famfo ne ya lalace."

"Tun da na haife shi ban taɓa jin ya yi waƙa ba. Kuma an ce kwalejin nan sun kusa rufe ɗaukar ɗalibai. In suka rufe sai wata shekara, shugabar kuma ba za ta iya riƙe masa gurbin ba in ba ya karatun."

"Su rufe," in ji Mai Walda. Ya faɗa da ƙarfi, amma abincin ranar bai yi masa daɗi ba.

Sai ga babban aiki ya faɗo. Wani mai gina gidajen haya ya zo yana son ƙofofi da tagogin bene guda sukutum, irin aikin da Mai Walda ya yi shekaru yana mafarkinsa. Mutumin yana tafiya, Mai Walda ya ce a ransa, yau dai magana ta ƙare. Wane ɗa ne zai ji wannan ya zauna yana kukan saniya? Bai ma iya jira Tirela ya dawo ba. Ya cire tabarau, ya kakkaɓe riga, ya nufi makarantar da hantsi, yana tsara yadda zai kama hannun ɗansa ya fito da shi a gaban kowa.

Tun daga bakin ƙofa ya ji ihu. Lokacin hutun tara ne, yara duk suna waje, amma ba mai hawa lilo. Sun taru a jikin wani shingen ƙarfe da ya raba filin wasa da ɗan lambun makarantar. Wani yaro ne mai kumatu kansa ya maƙale tsakanin sanduna biyu, jikinsa a filin wasa, kansa a cikin lambu. Yana ta tsala ihu yana fizge-fizge, kunnuwansa sun yi jajir. Wata malama tana jan ƙugunsa, wata ta rugo da sabulu, maigadi yana ta zagaye yana salati. Sauran yaran da suka ga manya sun rikice sai su ma suka ɓare baki.

Mai Walda ya hango ɗansa yana tahowa daga wajen famfo, sai zuciyarsa ta yi fari. Ga ranar ƙarfi ta zo, a gaban shugaba da malamai da kowa.

"Tirela! Kama sandunan nan ka buɗe su! Rodi ne mai laushi, ja ɗaya za ka yi!"

"Sannu da zuwa, Baba. Dakata tukuna. In na ja ƙarfe yana wannan fizgar, zan ji masa ciwo."

Ya roƙi malamar ta saki ƙugun yaron. Ya juya wajen sauran yaran, bai ɗaga murya ba, ya ce yana son kowa ya je ya samo masa ganye mafi girma a filin nan, a kai wa Anti mai sabulu ta duba na wa ya fi. Kafin ka ce me, fili ya watse, kowa ya duƙufa neman ganye. Sannan ya zagaya ta ƙofar lambun, ya kwanta rub da ciki a ƙasa, ƙaton mutum kamar an kayar da bishiya, har fuskarsa ta zo daidai da ta yaron.

"Kai, mutumina, wannan wurin naka da kyau. Bari ni ma in gwada." Ya tura fuskarsa jikin sandunan. "Kash. Ni hancina kaɗai ya shiga."

Yaron ya tsagaita ihu, yana shessheƙa, yana kallon hancin.

Mai Walda ya ji kamar ya yi tsalle. Yaro a maƙale, wannan kuma ya kwanta yana hira! Har ya buɗe baki, sai shugabar makarantar da ke tsaye kusa da shi ta ɗaga masa yatsa ɗaya, irin yadda take yi wa 'yan shekara huɗu. Abin mamaki, sai ya yi shiru.

"Me ka zo nema a lambu?" in ji Tirela.

"Ƙwallo."

"Ka same ta?"

"Ta shige ƙarƙashin fulawa."

"Za mu ɗauko ta ni da kai. To gaya mini, kanka ka zura daga can, kana leƙenta?"

Yaron ya yi ƙoƙarin girgiza kai. "A'a. Ta ƙofa na shiga. Da na kasa ɗauko ta sai na ce bari in fita ta nan."

Sai a lokacin Mai Walda ya gane. Kowa ya ɗauka kansa yaron ya zura, shi ya sa ake ta jansa baya. Ashe daga cikin lambun ya fito, ya zurara ƙafafu da jiki suka wuce, kan ne ya ƙi biyo su. Da an shekara ana ja, kan nan ba zai wuce ba. Ba wanda ya tambayi yaron, duk an tsaya ana yi masa ihu a ka.

"To ai da sauƙi," in ji Tirela. "Inda ka fito nan za ka koma. Juya gefe kamar kifi. Yawwa. Miƙo mini wannan hannun. Shanye tumbin nan, ka cika cin burodi."

Yaron ya yi 'yar dariya, tumbin ya shige. Kafaɗa ta wuce, ƙugu ya wuce, sai ga shi gaba ɗaya a cikin lambu, a kan ƙirjin Tirela, ko ƙwarzane babu. Ya ƙanƙame wuyansa ya ƙarasa sauran kukan da ya rage masa, Tirela yana shafa bayansa bai ce masa ya yi shiru ba. Da ya gama don kansa, suka rarrafa tare suka zaƙulo ƙwallon.

Mai Walda ya rasa inda zai sa kansa, sai ya huce a kan shingen. Ya kama sandunan yana girgizawa.

"Wane mara kan gado ne ya yi wannan aikin? A makarantar yara ka bar tazara haka?"

Shugabar ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ne, Mai Walda. Shekarun baya, lokacin da muka buɗe."

Ya saki sandunan. "To, a lokacin yara ba su da rawar kai irin na yanzu. Zan zo in ƙara rodi a tsakani."

Ya faɗi haka ne don ya sami abin faɗa, amma ƙirjinsa cike yake. Ya sha yin alfahari da yaron nan, sai dai kullum da jikinsa yake alfahari, jikin da ba shi ya ƙera ba, ba kuma yaron ya ƙera ba. Yau kuwa ya ga gwani yana aikinsa. Ya san gwani in ya gan shi, don shi ma gwani ne: mutumin da ba ya rawar jiki, wanda yake duba matsala kafin ya ɗauki guduma. Da shi aka bari, da yanzu an lanƙwasa shinge, wataƙila har da kunnen yaro.

Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Shugabar ta ce ya shigo ya sha ruwa, ya ce sauri yake yi, amma ƙafafunsa suka bi ta har bakin ajin. Ɗaki ne mai haske, an jera ƙananan takalma a bakin ƙofa, gorunan ruwa a kan kanta kowanne da hoton dabba, bango duk zane-zanen mutane masu manyan kawuna da hannaye kamar tsintsiya. Kujerun ja da shuɗi da rawaya, ba wadda ta wuce gwiwar Mai Walda. Yaran suka zauna a da'ira, kowa riƙe da ganyensa. Tirela kuwa ya zube a tsakiyarsu a kan siminti, ya naɗe ƙafafu da ƙyar, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kunnuwansa. Yana karɓar ganye ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar mai shi launinsa da inda ya samo shi, kuma kowane ganye sai ya sami abin yabo a jikinsa. Yarinyar da ke manne da hannunsa ta fi kowa zuba, shugabar ta raɗa wa Mai Walda cewa ita ce wadda da ba ta magana.

"Me ya sa yake zaune a ƙasa?" in ji Mai Walda.

"Ya karya mana kujera biyu a makon farko. Na ba shi ta malamai ya ce ta yi tsayi, wai yara sai sun ɗaga kai kamar masu kallon jirgi. So yake idonsa ya zo daidai da nasu. Haka yake wuni, in zai tashi sai ya dafa bango."

Mai Walda ya dubi simintin, ya dubi gwiwoyin wandon ɗansa da suka koɗe. Ransa ya ɓaci, amma ba irin ɓacin da ya zo da shi ba.

Tirela ya hango shi, ya ba yaran aikin jera ganyen daga ƙarami zuwa babba, ya dafa bango ya miƙe, ya zo ya rusuna.

"Baba, lafiya ka zo da kanka? Akwai kayan ɗauka ne?"

Maganar benen tana bakin Mai Walda, da ƙofofinta da tagoginta. Ya san in ya faɗa, yaron nan zai sa takalmi ya bi shi, ba zai ce uffan ba, gobe ma ya bi shi, har ranar da za a miƙa masa makulli. Ya san kuma in bai faɗa ba, sai ya nemo ƙarti ya biya su, bencin inuwar nan sai wani lokaci, allon shago kuma zai zauna yadda yake. Abin ya yi masa zafi, ba ƙarya. Ya haɗiye maganar, ta wuce da ƙyar.

Ya tuɓe takalmansa ya ajiye kusa da ƙananan, ya shiga ajin, ya zaro tef ɗin awo daga aljihu.

"Koma ka zauna yadda kake zama."

Tirela ya koma ya zauna, yana kallonsa da mamaki. Mai Walda ya yafito yaron nan mai kumatu ya ce ya zauna a kujerarsa kusa da Tirela, ya duba tsayin idanunsu biyu. Ya ba wata yarinya bakin tef ta riƙe, nan take ajin ya rikice, kowa yana son ya riƙe. Ya auna faɗin ƙugu, ya auna daga ƙasa, yana magana shi kaɗai.

"Ƙafafu gajeru, ƙarfe mai kauri. Faɗi kamar benci. Bakin duk a naɗe shi, kada ya yanki wani. A sa majingina saboda baya. Ba za a ce ɗan Mai Walda yana koyarwa a kan siminti ba." Ya ƙura wa lambobin tef ɗin ido, waɗanda suka fara yi masa dishi-dishi. "Kwalejin nan, ba su rufe ba ko?"

"Da saura kaɗan, Baba."

"To gobe da sassafe ka je."

Yana tsaye, ɗan yana zaune, sai ya ga kan Tirela a daidai ƙirjinsa. Rabon da hannunsa ya kai kan nan tun yaron bai gama firamare ba. Ya ɗora tafinsa mai kanta a kai.

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa ka fi haka."

Kafaɗun Tirela suka fara rawa. Sai wata yarinya ta ce, "Anti yana kuka!" Nan da nan suka yanyame shi, wannan na shafa masa hannu, wancan na miƙa masa gorar ruwa, wani ya ba shi ganyensa kyauta. Mai Walda ya goge nasa idon da hannun riga, ya ja tef ɗin ya sake ɗora shi a kafaɗar ɗansa.

"Tsaya cak mana, Malam," ya ce. "Kada ka ɓata mini awo."